Sabo, na hannu ko mai caji: wane babur za ka saya a Kano?

Tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a cikin birnin Kano. Don haka in sana'a kake nufi, adaidaita sahu za ka nema. Wannan bayani na mai son babur ɗin hawa ne, na zuwa aiki da kasuwa.

Mu fara da tsoffin nan masu shan fetur haɗe da baƙin mai, irin su tsohuwar Suzuki da Besfa. Suna da araha, suna da tashi, kowane bakanike ya san cikinsu. Sai dai injinsu yana ƙona baƙin man tare da fetur, wani kason man ma fita yake ta salansa bai ƙone ba, shi ya sa kake ganin shuɗin hayaƙi yana bin su. Dokar hayaƙin ababen hawa ta 2011, wadda hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ke kula da ita, ta hana shigo da irin wannan inji. Ni dai ba zan ba ka shawarar sa kuɗinka a abin da kayan gyaransa ke ƙara wuya ba, sai in sha'awa ce kawai.

Sabo dal, irin su Boxer, TVS, Haojue ko Lifan roba-roba, injinsa baƙin mai daban, fetur daban. Hayaƙi kaɗan, ƙara kaɗan, cin mai da sauƙi, wanda ba ƙaramin abu ba ne tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Boxer ya fi jure kaya da hanyar ƙauye, roba-roba ya fi daɗin kutsawa lungunan cikin gari. Tsada ce kawai aibinsa.

Na hannu shi ne inda ake shan kwana. Kada ka yarda dillali ya kawo maka shi da zafinsa. Ka je da sassafe a tayar da shi a gabanka. In ba mai haɗa fetur da baƙin mai ba ne kuma ya yi shuɗin hayaƙi, galibi ringi ne ya tafi, sai aikin inji. In baƙi ne, mai yake ci fiye da kima, galibi kafireto ne, wannan da sauƙi. Sannan ka durƙusa ka leƙa salansa. Samari da yawa suna huda ta ko su cire cikinta don babur ya riƙa ruri ranar ɗaurin aure, wai shi ne burgewa. Akwai dokar hana yawan ƙara tun 2009, amma ko ba jami'i ya tare ka ba, maƙwabta za su gaji da kai kafin sati ya zagayo, kuma kuɗin sabuwar salansa daga aljihunka zai fita. Ka cire kuɗinta daga ciniki tun a wurin.

Takardu kuwa sun fi fenti muhimmanci. Lambar inji da ta jiki su dace da abin da ke rasit, mai sayarwa ya sa hannu gaban shaidu. Wani abokina ya sayi na hannu babu rasit don an rage masa, ƙarshenta sai da ya yi wata yana zirga-zirga kafin ya tabbatar ba na sata ba ne.

Mai caji fa? Babu hayaƙi, babu ƙara, babu layin gidan mai. Amma shirun nasa ma abin lura ne, don mai tafiya a ƙasa a kasuwar Kwari ko ta Rimi ba ya jin tahowarka. Kuma batir ne ke cin babban kaso na kuɗinsa. In kana da sola a gida kuma tafiyarka ba ta wuce cikin gari, ya dace da kai. In ba haka ba, ka tambayi garantin batir a rubuce kafin ka miƙa ko kwabo.

Kowanne ka zaɓa, ka ware kuɗin lamba, lasisi da hular kwano. Hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular a ranar 1 ga Janairun 2009, lokacin da wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. Ka sayi ta gaske mai maɗauri a haɓa, ba irin ta 'yan gini ba. Madubi biyu, sigina da fitilar baya su kasance suna aiki kafin ka haɗu da 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, a shataletale.