Canon 600D ta hannu ko sabuwar waya mai megafiksel 108?

Ƙanena, tsakanin biyun da ka jero, ɗauki kyamarar Canon ɗin. Ita ce a hannuna, kuma da ita na koyi duk abin da na sani a harkar hoto.

Tsohuwa ce, tun 2011 ta fito, megafiksel ɗinta 18 kawai. Kada lambar ta ruɗe ka. Farantin da ke kama haske a cikinta ya kai kusan milimita 22 da 15, ya ninka na waya sau da yawa, shi ya sa fuskar mutum ke fitowa da tsabta ko da magariba ta kawo jiki. Amma babban amfaninta gare ka shi ne za ta tilasta maka sanin abubuwa uku: buɗewar idon da haske ke shiga ta cikinsa, saurin ƙiftawa, da ISO, wato ƙarfin jin hasken farantin. Ka juya ta zuwa M, inda kai ne ke saita komai da hannunka, ka riƙa canja ɗaya kana barin biyun, kana duba abin da ya faru.

Ranar hawan sallah, gaban fadar Sarkin Damagaram, na sa saurin a 1/1000 na daƙiƙa, ISO 200. Dawakai suna sukuwa, dogarai cikin jan kayansu, ƙura ta tashi. Hoton ya tsaida ƙafar doki a sama, har yashin da kofato ya watso ana ganinsa ɗaya-ɗaya. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce in nuna masa, ya daɗe yana kallon allon yana murmushi. Da yamma a Birni kuma, tsohuwar unguwar Damagaram, in rana ta sauko kan zanen gidajen ƙasa, sai in buɗe ido sosai zuwa f/1.8 da gilashin kyamara na 50mm, abin da ke bayan mutum ya narke a hoton. Wannan gilashin ka neme shi daga baya, ba shi da tsada.

Wayar? Tana ɗaukar hoto mai kyau da rana, ita ke yanke maka komai, shi ke nan.

Sai dai ka yi hattara da masu sayarwa, a nan ko a Kano. Kada ka biya kafin ka gwada. Ka tsuke ido zuwa f/22 ka ɗauki farin bango: in ɗige-ɗige baƙi suka fito, ƙura ta shiga ciki. Ka cire gilashin, ka haska shi da tocila ka duba ko akwai fumfuna kamar yanar gizo-gizo. Batir ɗinta LP-E8 ne, kuma jabu sun yi yawa, haka katin memori, wani a rubuce giga 64 alhali bai kai ba. Wanda ya hana ka gwadawa, ka bar masa kayansa.

Lokacin hunturu kada ka canja gilashi a waje cikin iska, ka shiga ɗaki tukuna. Ka sayi jaka mai rufewa sosai tun ranar farko.