Sabre2 ko Velocity: wace laima ta dace da mai dirowa daga jirgi?

Duka biyun kamfanin Performance Designs ne ya ƙera su, amma aikinsu ya sha bamban. Sabre2 ɗakuna 9 gare ta, wato aljihunan da iska ke cikawa, tana buɗewa a hankali, tana kuma yafe ƙananan kurakurai wajen sauka. Velocity ɗakuna 7 ne, kowanne an raba shi uku da ƙyallen da aka ɗinka a karkace, shi ya sa fiffiken, wato jikin laimar, ke da tauri, ba kauri, ga gudu.

A fara da lissafi: nauyinka da kaya a laba, raba shi da faɗin laima a murabba'in ƙafa. Mai laba 200 a ƙarƙashin laima mai murabba'in ƙafa 170 yana kan kusan 1.2, a ƙarƙashin mai 96 ya haura 2. Velocity ba ta nuna amfaninta sai wajajen 2 ɗin nan.

Haɗarinta a juyi yake. Idan ta sunkuya, takan daɗe kafin ta miƙe, don haka wanda ya juya a ƙasa-ƙasa, ƙasa zai tarar. Igiyoyi kuma in suka murɗe wajen buɗewa, juyawa take kamar katantanwa, sau da yawa sai an yar da ita an buɗe laimar ajiya. Wanda bai ƙware da juyin digiri 90 a gaban koci ba, ya tsaya kan Sabre2.