Juya fayil ɗin .plt: CorelDRAW ko Inkscape?

Injiniya, ka tambayi wace manhaja ta fi wajen juya fayil ɗin .plt, wato fayil ɗin injin zane mai alƙalami, zuwa nau'in da Word zai karɓa. Tsakanin biyun da ka ambata, ni dai CorelDRAW nake amfani da shi, kuma shi zan ce ka ɗauka.

Bara wani dattijo mai aikin safiyo ya zo shagona a Wunti da filashi, ciki akwai zanen wani fili a Yelwa da aka yi tun zamanin da ofishinsu ke da injin zane mai alƙalami. So yake a saka masa zanen cikin rahoto a Word, a kuma buga babba ba tare da layukan sun dusashe ba. Na buɗe fayil ɗin a Notepad tukuna, sai ga PU, PD, SP1, SP2 da lambobi jere. Yaren HP-GL ke nan, wanda kamfanin Hewlett-Packard ya fito da shi a 1977. PU na nufin ɗaga alƙalami, PD sauke shi, SP kuma zaɓen alƙalami. Ba hoto ba ne a ciki, umarni ne kawai ga hannun inji.

Nan ne Corel ya burge ni. Kana shigo da fayil ɗin zai fito maka da akwatin da za ka faɗa masa kaurin kowane alƙalami da launinsa, domin tsohon fayil lambar alƙalami kawai ya sani. Na ba iyakar filin baƙi mai kauri, hanya kuma ja siriri. Dattijon ya ciro tabarau, ya sa rula a kan takardar da muka buga, ya gyaɗa kai. Ma'aunin yaren nan ɗigo 40 ne a milimita ɗaya, saboda haka idan ka bar sikelin a kan 100, girman da inji zai zana shi za ka samu. Har kuɗin shayi ya ƙara min.

Wajen fitarwa, duba Office ɗin da mai karɓa yake da shi. Na 2019 zuwa sama yana karɓar SVG kai tsaye, wato nau'in fayil ɗin zane da ba ya fashewa idan an faɗaɗa shi. Wanda har yanzu ke kan 2010 ko 2013, ba shi nau'in EMF, shi ma ana ja ana faɗaɗawa ba ya fashewa. Rubutun cikin zanen fa, sau da yawa layuka ne aka zana, kada ka ɓata lokaci kana neman gyara harafi.

Inkscape kyauta ne, wannan kam ba musu. Amma wanda na gwada ya fi ganewa da fayil ɗin da shi da kansa ya fitar.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar manhajar juyawa a filashi. Na taɓa sayen wata a hannun wani yaro a kasuwa, ashe hoton zanen take ɗauka ta cusa cikin fayil mai suna SVG, ga ƙwayar cuta da ta biyo ta har sai da na wanke kwamfutar. Duk wanda ya juya maka, kafin ka biya, ka zuƙo zanen zuwa kashi 800 a gabansa. Idan layin ya koma ƙananan murabba'ai, karɓi filashinka ka tafi.