Mai sola ɗin da ya ƙi yi min aiki sai da ya ƙirga lodi

Jama'a bari in ba ku labarin yaron da ya haɗa min sola a gida wata huɗu kenan, don mutane da yawa na ta tambayata ya aikin nasa yake. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ya zame min kamar mata ta biyu, kullum da abin da zai ci, shi ne na ce bari in lallaɓa in saka sola in huta. Na je shagonsu da ƙarfina na ce inbata (na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida) mai ƙarfin 3.5kVA nake so da batir biyu, a zo a ɗaura min gobe. Ya ce Alhaji ba haka ake yi ba, sai na zo na ga lodin gidan tukuna. Wallahi a raina na ce ga wani ɗan boko zai ɓata min lokaci.

Ya zo da biro da takarda yana bin ɗaki ɗaki har kicin, yana juya bayan kaya yana karanta lambar da ke jiki. Ni duk zatona lodi shi ne manyan kaya irin firiza da talabijin, ashe duk abin da aka soka a soket ya ja wuta lodi ne, har cajar waya da ɗan kwan nan na bayi da ba a kashewa. Fanka biyar ya sa musu wat 70 kowacce, 350 kenan, kwan fitila 15 wat goma goma, talabijin wajen 100, firiza 150. Na ce to ka gani, ko dubu ɗaya ba mu kai ba. Sai ya ɗago dutsen gugar uwargida ya nuna min 1200 a jiki, ya ce wannan ɗan abin shi kaɗai ya fi duk waɗancan a haɗe. Duk abin da ke yin zafi haka yake, hita, butar lantarki, dutsen guga, ƙanana a ido amma su ne masu cin.

Inda ya fi burge ni shi ne maganar sumo, wato injin da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse. Namu mai doki ɗaya ne, wajen wat 750, amma ya ce duk abu mai mota a ciki, sumo ko firiza ko AC, lokacin da zai tashi yana fizgar ninki uku ko fiye na ɗan daƙiƙu kafin ya daidaita, to idan ya dace da ana guga a lokacin inbata zai yi ƙara ya ɗauke. Kuma wai 3.5kVA ɗin da nake ta taƙama da shi ba wat 3500 ba ne, a wannan samfurin wajen 2800 ne ainihin abin da zai ɗauka. Ni da na yi shekaru ina sayen janareta ba wanda ya taɓa gaya min haka, sai dai a ce zai ja komai Alhaji.

Na ɗauka an gama, sai ya ce a kawo tsani zai hau sama. Fanel, wato farantan sola, shida ne masu wat 550, kowanne ya kai kilo 27, a haɗe ya ɗan haura buhun siminti uku. Ya ce nauyin ba shi ne abin tsoro ba, iska ce. Wanda ya san iskar farkon damina a nan Kano da ke kwashe kwanon mutane ya san me yake nufi, in ta shiga ƙarƙashin fanel sama take ɗaga shi, wato ita ma lodi ce amma ta juye. Ya tarar gara ta ci katako biyu, ya ce ba zai ɗaura ba sai kafinta ya canza. Na ji haushi ranar don kuɗi ne da ban shirya ba.

A nan ne na yi suɓutar baki na ce ina so in ɗora tankin ruwa lita 2000 a kan dekin ɗin barandar baya, tunda ba komai a kai. Ya ce Alhaji lita ɗaya kilo ɗaya ce, tan biyu kenan, buhun siminti 40 a waje ɗaya, kuma dekin ɗin da kake cewa ba komai a kai yana ɗauke da kansa, kankare mai kaurin inci shida kowace murabba'in mita ta kai kilo 360. Wannan nauyin na dindindin ne, sannan ga na masu hawa da sauka da kayan da ake ajiyewa a kwashe. Ya ce shi ba fanninsa ba ne, in nemo injiniyan gini ya duba rodi da fila, kar in ji ta bakin birkila kawai. Wannan faɗin gaskiyar ya sa na ƙara yarda da shi, don wani da cewa zai yi ɗora kawai ba abin da zai faru.

Abin da bai min daɗi ba, ba ya cika alkawarin lokaci, ya ce ƙarfe tara sai bayan azahar za ka gan shi, kuma yaransa sun bar min bango da ramuka sai da na sa aka shafe. Kuɗinsa ma ya ɗan fi na sauran da na taya. Amma ya raba layin gidan biyu, sumo da soket ɗin kicin ya bar su a kan wutar gwamnati, sauran a sola, batiran 220Ah biyu kuma suna kai mu wajen awa shida da dare in fanka da fitilu ne kawai da firiza.

Sau ɗaya inbata ya taɓa ihu, ranar da autarmu ta soka dutsen guga a falo da asuba za ta goge yunifom. Tankin kuwa har yanzu yana ƙasa a tsakar gida, injiniyan ginin ya zo ya duba ya ce gara a yi masa ƙafar ƙarfe daban, ina jiran kuɗin walda.