Man laushin fata a kujerun tsohuwar Marsandi: abin da ya gyaru da abin da ya gagara

Marsandin da na gada daga mahaifina ƙirar 230E ce ta 1984, kuma injinta bai taɓa ba ni wahalar da kujerunta suka ba ni ba. Jos, inda nake zaune, tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, rana tana dukan mota da ƙarfi ko da garin yana da sanyi, sannan iskar hunturu ta Disamba da Janairu ta zuƙe ɗan danshin da ya rage. A haka fatar kujerar direba ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi, har tana ƙara idan an zauna.

Man Leatherique na yi amfani da shi, wanda yake zuwa a kwalba biyu, ɗaya ta laushi ɗaya ta wanki. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne man ake fara shafawa kafin a wanke. Na shafa shi da tafin hannu, na bi kowane ɗinki da kowace tsaga, na rufe gilasai na bar motar a rana wuni guda, domin zafi ne yake taimaka wa man ya ratsa. Washegari fatar ta yi danƙo, datti ya taso sama, sai na goge da ruwan wankin da tsumma mai laushi. Shafawar farko ba ta canza komai sosai ba. Sai a ta uku, bayan mako biyu, na danna yatsa na ji fatar ta lotsa ta dawo, ƙarar nan kuma ta ɗauke. Dalilin jinkirin a fili yake: fatar mota tana da rufin fenti a samanta, ba kamar wadda majema suke jemewa da bagaruwa ba, saboda haka man yana shiga ne a hankali ta ɗinki da ƙananan tsagu. Inda ta riga ta tsage kuwa tsagar tana nan, illa dai ta daina ƙaruwa.

Kuskuren nawa ne da na shafa shi a bayan kujeru da dashbod, wuraren da leda ce ba fata ba. Wani dattijo mai ɗinkin kujeru a Dilimi, cikin garin Jos, ya ɗaga gefen kujerar ya ce, "Alhaji, duba cikin nan, yadi ne a manne, fata kuwa cikinta kaushi gare shi." Ledar tana yin laushi ne saboda wani sinadari da ake haɗawa da ita tun a masana'anta, zafi yana fitar da shi sannu a hankali, kuma yana cikin abin da yake haddasa hazon nan da yake kwanciya a cikin gilashin gaba. Idan ya fita, mai ba ya mayar da shi. Man ya zauna a sama kawai yana kama ƙura, sai da na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan.

Man yana da tsada, kuma yana bukatar haƙuri, amma ga fata ta gaskiya da ba ta yage ba, na gamsu da shi. Ledar bayan kujerun na ba dattijon ya sauya ta, dashbod kuma yanzu ina rufe shi da mayafi duk lokacin da zan ajiye motar a rana.