Taushe, funkaso da zoɓo a wani gidan abinci na Zoo Road

Gidajen abinci sun yi yawa a Kano yanzu, amma yawancinsu shinkafa ce da kaza da shawarma, kai ka ce a tukunya ɗaya ake dafa musu. Shi ya sa ni da uwargida muka maƙale wa wani ɗan gidan abinci da ke wani layi a gefen titin Zoo Road. Ba shi da wata ƙawa: teburan roba, fanka, sai ɓangaren iyali da aka kare da labule.

Miyar taushensu ce take kai ni. Kabewar ta narke sarai, gyaɗar ba ta yi yawan da za ta danne komai ba, ga ɗan tsamin yakuwa da yake zuwa daga baya. Daddawa suke sawa ta gaske, ba dunƙule kaɗai ba, kuma da ƙashin rago ake dafawa, har ka zauna kana tsotsar ɓargo ka manta kana cikin mutane. Idan ka ce a sa man shanu, a gabanka za a zuba shi da ɗuminsa, soyayye da albasa, ƙamshin ya isa teburin maƙwabta. Na fi son ta da funkaso. Nasu ya tashi sosai, bayansa da ɗan ƙarfi, cikinsa laushi, bai sha mai ba. Ita kuwa uwargida tuwon shinkafa take ci, ta ce wai funkaso abincin biki ne. Ban yi musu ba.

Farfesun kayan ciki ma ba laifi, an wanke tumbin da kyau. Wainarsu dai tsaka-tsaki ce.

Sai abin sha. Nan Kano ce, Hisbah na nan, don haka babu batun giya. Akwai kwalaben wain marar barasa a firij, irin wanda ake jerawa a dinar biki, kuma yaron da ke kawo abinci yakan ce, "Yallaɓai, a kawo wain?" Na taɓa gwadawa. Zaƙi ne da gas kawai, yana kashe ɗanɗanon miyar, ga tsada. Zoɓonsu ya fi shi nesa ba kusa ba: citta, kanumfari, ɓawon abarba, sukari kaɗan, ya yi duhu ya yi sanyi. Tsaminsa yana wanke maiƙon man shanu daga baki, lomar gaba ta dawo sabuwa. Kunun ayar da dabino da kwakwa ake yi, amma da rana za ka sha shi, domin aya ba ta jure jira, in aka ɗauke wuta kan dare ya fara juyawa.

Inda suke ba ni haushi shi ne daren Juma'a da Asabar. Jira sai ka gaji, funkaso yakan ƙare tun kafin isha, wurin ajiye mota kuma babu, sai dai ka roƙi mai shagon kusa. Ka riƙe tsabar kuɗi, don POS ɗinsu yakan yi gardama. Kuɗin abincin ya ƙaru kamar ko'ina, sai dai ba su rage malmala ba. Ranakun aiki bayan magariba ne lokacin da ya fi, kuma ka ce a zuba maka miya daga ƙasan tukunya.