Shagon hayar littattafai na Ƙofar Ƙaura da kantarsa ta soyayyar 'yan kurket

A cikin shagunan hayar littattafai da suka rage a birnin Katsina, akwai wani ƙarami a wajen Ƙofar Ƙaura wanda mai shi ya ware kanta guda domin littattafan soyayya na Turanci da aka buga a Indiya, waɗanda labarinsu ke gudana tsakanin 'yan wasan kurket, wasan da ake buga ƙwallo da sanda. Yawancinsu na hannu ne, bangon wasu ya sha salatif, amma kuɗin hayarsu bai wuce na littattafan Hausa da ke kusa da su ba.

Duk wanda ya saba da littattafanmu na soyayya zai gane zubin labaran tun daga babin farko. Saurayin ɗan wasa ne da ya yi suna a gasar IPL, babbar gasar kurket ta Indiya wadda aka fara a 2008, budurwar kuma 'yar jarida ce ko likitar ƙungiya, sannan ga iyaye da suka riga suka yi wa ɗaya daga cikinsu zaɓi. Abin da ya sa na ga sun cancanci hayar shi ne yadda wasan kansa yake ba labarin fili. Kurket ba ya gaggawa: kowane ɓangare 'yan wasa 11 ne, mai jifa yana jefa ƙwallo sau 6 kafin a sauya shi, mai bugu kuma yana kare itatuwa 3 da aka kafa a bayansa, har babban wasa tsakanin ƙasashe yakan kai kwana 5. A cikin wannan jira ne marubutan suke saka kallon-kallo da kishi da saƙon da ba a amsa ba, kuma waɗanda suka iya sukan sa faɗuwar saurayi a fili ta zo daidai da ɓacin ran budurwa. Waɗanda suka zaɓi gajeren wasan T20 na kimanin awa 3 sun fi armashi, sai dai soyayyarsu takan zo a gurguje.

Matsalar shagon ita ce an bar mai karatu da wasan da bai sani ba. Mai shagon mutum ne mai fara'a, yana tuna wanda ya karɓi kowane littafi ba tare da ya duba rajista ba, amma da na tambaye shi yadda ake lissafin maki, sai ya ce da ni, "Malam, ni dai haya nake bayarwa." Wannan abin takaici ne a garin da ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, suka buga kurket tun zamanin Turawa, kuma a Najeriya, ƙasar da 'yan matanta 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar duniya a Malesiya a 2025. Takarda ɗaya mai bayanin dokokin wasan da Hausa, a manna ta a jikin kantar, da ta wadatar.

Haske bai isa cikin shagon ba idan an ɗauke wuta, kuma na taɓa karɓar littafin da shafukansa na ƙarshe suka zube, don haka ya kamata mai haya ya duba ƙarshen littafi kafin ya biya. Ɗalibai da matan aure da ke son ƙara sabawa da Turanci mai sauƙi za su amfana da kantar, musamman idan suka je da safe, kafin 'yan makaranta su kwashe masu kyan ciki.